Daga hanjin kifi zuwa fitilar danja: ina kalmar "ambergris" ta samo asali?

Malam Na-Turanci: Assalamu alaikum jama'a. Wata ɗalibata 'yar aji biyar ce ta ƙure ni jiya. Muna karanta darasi a kan dokokin hanya sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, fitilar tsakiya ta danja ai ruwan ɗorawa ce, me ya sa Turawan Ingila suke ce mata amber ba su ce yellow ba?" Na ce sunan wani dutsen ado ne mai irin wannan launi. Ta ce to shi dutsen a ina ya samo sunan? Allah ya rufa mini asiri aka kaɗa ƙararrawa.

Da daddare na zauna na bi sawun kalmar a ƙamusoshin da nake da su, sai ga ni a cikin hanjin kifi. Ba wasa nake ba. Lokacin da amber ta shiga Turanci, wajen ƙarshen ƙarni na 14, ba dutsen ado take nufi ba. Sunan wani dunƙulen abu ne mai ƙamshi da ake tsinta a bakin teku, wanda yake fitowa daga cikin ƙaton kifin nan da ake kira wel. Turawan Ingila sun aro ta daga Faransanci, ambre, Faransawa daga Latin ɗin malaman coci, su kuma daga Larabci, anbar, mai harafin aini a farko. Sai daga baya aka fara kiran ƙaron itacen da ya daskare ya zama kamar dutse da wannan suna. Da abu biyu suka haɗu a suna ɗaya, Faransawa suka raba gardama: na kifi ambre gris, na itace ambre jaune. Na kifin shi ne Turanci ya haɗe wuri ɗaya ya zama ambergris, kalmar da babu wadda mafarautan wel suke son ji kamarta, domin dunƙule ɗaya yana iya fin man da suka tara a wata guda daraja.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an mayar da mai gida ɗan haya. Mai sunan na asali sai da aka liƙa masa wutsiya kafin a gane shi, baƙon da ya zo daga baya ya riƙe sunan shi kaɗai, har ya bai wa fitilar danja aro. Masu Larabci da masu turare, ku taya ni, don ranar Litinin yarinyar nan ba za ta manta ba.

Baban Walid Makaniki: Malam, ni fa da na ga kalmar sai na ɗauka giris ne a ƙarshenta, irin wanda muke cusa wa boris. Tunda abin daga cikin kifi mai kitse yake fitowa, ai maganar ta zauna: ambar mai maiƙo. Ko ba haka ba?

Ɗan Damagaram: A'a Oga, babu giris a nan. Mushe ya faɗi daidai. Gris a Faransanci launi ne, toka-toka, tun ajin farko na lakwal, wato makarantar boko, ake koya muna shi. Kuma ba a furta harafin ƙarshe, "gri" ake cewa. Jaune kuma ruwan ɗorawa. Wato ambar mai launin toka da ambar mai launin ɗorawa, shi ke nan. Giris ɗinku kalma ce daban, ita ma daga Faransanci ta shiga Turanci, graisse, wato kitse.

Auta: Tsaya tukuna, wa kake kira mushe? Malam da ransa da lafiyarsa?

Ɗan Damagaram: Kai Auta, ku 'yan Najeriya ba ku gajiya da wannan. Mushe a wurinmu malamin lakwal ne. Naku mushen yana bakin bola.

Malam Na-Turanci: Na karɓi sarautar, Ɗan Damagaram. Amma Baban Walid, kada ka ji kunya, kuskurenka ya girme ka da shekara ɗari uku da wani abu. Turawan Ingila da kansu a ƙarni na 17 haka suka yi. Ba su san gris ba, sai suka riƙa rubuta ambergrease, suna nufin giris ɗin nan naka. Wasu ma suka rubuta ambergreece, kamar daga ƙasar Girka ake kawo shi. Kunne in ya ji baƙuwar kalma sai ya ja ta zuwa wadda ya sani. Har yau da yawansu suna furta ƙarshen kamar giris ɗin, ba su haɗiye harafin irin na Faransawa ba.

Ustaz Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wannan kalma ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi. A shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya tura runduna ta mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah zuwa gaɓar teku. Jabir ɗan Abdullahi yana cikinsu, shi ya ba da labarin, kuma Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Guzuri ya ƙare har ya zama dabino ɗaya ake bai wa mutum a wuni, ya tsotsa kamar jariri ya kora da ruwa. Daga baya suka koma kakkaɓo ganyen itace suna jiƙawa suna ci, shi ya sa ake kiranta rundunar Khabaɗ. Suna cikin wannan hali sai teku ya jefo musu wata dabba kamar tudun rairayi. Jabir ya ce sunanta Anbar.

Da farko Abu Ubaida ya ce mushe ce, ta irin taku Auta, ba ta Damagaram ba. Sannan ya ce lalura ta same su, su ci. Wata ruwaya ta ce rabin wata suka yi suna ci, wata ta ce kwana 18, ta Muslim ta ce wata guda. Suka riƙa shafa kitsenta har jikinsu ya murmure. Abu Ubaida ya sa aka kafa haƙarƙarinta, mutumin da ya fi kowa tsawo ya hau raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Ya zaunar da mutum 13 a kwarmin idonta. Da suka koma Madina suka ba da labari, Manzon Allah (SAW) ya ce arziki ne Allah ya fitar musu, ya tambaya ko da sauran naman, aka kawo masa ya ci.

To kun ga, tun a lokacin sunan yana kan dabbar kanta, ba turaren kaɗai ba. Masu ƙamus na Larabci ma sun ce garkuwar da aka yi da fatarta anbar ake ce mata. Har gobe Larabawa Hutul Anbar suke kiran nau'in wel ɗin da ambar yake fitowa daga cikinsa. Ni shawarata mu ma mu ce kifin ambar, mu huta da laƙabin da Turawa suka sa masa.

Auta: Wane laƙabi?

Malam Na-Turanci: Da ka bari ya wuce, Auta. A kansa akwai wani farin mai mai yawa, da an fasa kan iska ta buge shi sai ya daskare kamar kakin zuma. Turawan da suka ɗauka maniyyinsa ne, suka kira man spermaceti, wato maniyyin wel a Latin, kifin kuma sperm whale. Kuskure ne, amma sunan ya bi shi. Da man ake yin kyandir mafi tsada a wancan zamani, kuma don shi jiragen Nantucket da New Bedford a Amurka suke shafe shekara uku zuwa huɗu a teku.

Maman Sadik: Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya: kai kana rubuta anbar da "n", Malam yana rubuta amber da "m". A ina aka yi canjin?

Ustaz Abu Hanan: Maman Sadik, kin yi tajwidi ai. Nunun da ba ta da wasali in ta haɗu da ba'un me take zama? Iƙlabi. Ana rubuta "min ba'di" ana karanta "mim ba'di". Haka anbar, a rubuce nun ce, a baki mim ce: ambar. Mu ma Hausawa mun yi haka, Larabawa suna rubuta minbar, mu muna cewa mumbari. Fataken Turai a kasuwa suka ji kalmar, ba a littafi suka gan ta ba, sai suka rubuta abin da kunnensu ya ji. Ainin farko kuwa maƙogwaronsu bai iya ɗauka ba, suka yar da shi a hanya.

Maman Sadik: Kai, wallahi wannan ya shige ni. Shekara nawa ina karanta iƙlabi ban taɓa zaton zan gamu da shi a fitilar danja ba.

Dakta Mai Harsuna: Bayanin iƙlabi ya yi kyau, Ustaz, ban da ja a kai. Inda zan ja shi ne in aka ɗauka a Larabci tafiyar ta tsaya. A tsohon Farisanci na zamanin Sasaniyawa, sarakunan Farisa kafin Musulunci, wanda ake kira Pahlawi, akwai ambar da wannan ma'ana ta turaren teku, kuma da mim ɗinta. Shi ya sa wasu masana suke ganin Larabci ma aro ya yi. Ka duba kalmar da kyau: baƙaƙe huɗu ne, aini, nun, ba, ra, ba ta da aikatau na asali da aka ciro ta daga gare shi kamar yadda kitab ya fito daga kataba. Kalmomin kayan fatauci haka suke, suna bin kaya. Miski ma ta Farisa ya bi ya shiga Larabci.

Ustaz Abu Hanan: Allah ya gafarta Dakta, ku 'yan boko duk kalmar da kuka gani sai kun nema mata uba a waje. Aini fa? Farisawa ba su da aini. In aro ne daga ina ya fito? Kuma akwai Banul Anbar, reshe ne na ƙabilar Tamim tun kafin Musulunci. Kalmomi masu baƙaƙe huɗu kuwa cike suke a Larabci, aƙrab, sa'alab, duk na aro ne?

Dakta Mai Harsuna: Ban ce duk na aro ne ba. Amma Larabawa sukan ƙara aini a kalmar aro, dubi askar, da yawan masana daga lashkar na Farisanci suke ciro ta. Sunan ƙabila kuma yana nuna kalmar ta daɗe, bai nuna inda aka haife ta ba. Su ma masu cewa Farisawa ne suka ara daga Larabawa suna da abin riƙewa, tunda gaɓar Shihr a Hadramaut ita ta yi suna da ambar mai kyau. Abin da babu gardama a kai shi ne Turai daga bakin Larabawa ta karɓa. Mutanen Sawahili ma ambari suke cewa, ta wannan hanya.

Ustaz Abu Hanan: To mun haɗu a nan. Sauran kuma kowa ya riƙe nasa.

Ɗan Umdurman: Ku tsaya ku ji wani rikicin. Mu nan Sudan, da Masar ma, in an kwantar da mutum a asibiti sai a ce yana anbar na maza ko anbar na mata, wato babban ɗakin marasa lafiya. A kurkuku ma haka. Kuma da aini ake rubutawa, daidai da na turaren. Ina yaro na daɗe ina mamakin wanda ya sa wa ɗakin da yake warin magani sunan turare.

Dakta Mai Harsuna: Wannan kam tagwayen kama ne, ba uwa ɗaya ba. Naku daga anbar na Farisanci yake, mai nufin rumbu ko ɗakin ajiya, Turkawa suka ɗauka suka kai Masar, aka rubuta shi da aini ya yi kama da na turare. Lardin Anbar na Iraƙi shi ma rumbun ne, amma shi da alif ake rubuta shi, daga sunan wani tsohon gari a bakin Furatu inda Sasaniyawa suke ajiye kayan sojoji. Ka ga Ustaz, ga aini ya tsiro a kalmar aro a gaban idonka.

Ustaz Abu Hanan: Na gani, amma hankaka ɗaya ba ta zama garke.

Auta: Ni dai a Facebook na ga an ce aman kifi ne, har wasu masunta suka zama miloniyoyi da shi.

Maman Sadik: Nan kuma fagena ne, tunda dabbobi na karanta. Da farko dai ba kifi ba ne, duk da bakinmu ya saba. Da huhu yake numfashi, yana haihuwa, yana shayarwa. Namijin yakan kai mita 16, yana nutso fiye da mita 1,000 don farautar wata halitta da ake kira sikwid, mai hannuwa goma, jikinta tsoka zalla babu ƙashi, sai baki mai tauri kamar na aku. Naman yana narkewa, bakin ba ya narkewa. Yawanci yakan amayar da waɗannan bakunan. Amma a wasu kaɗan, ana ƙiyasta kamar ɗaya cikin ɗari, sai bakunan su zarce hanji. A can jiki yake naɗe su da wani abu mai danƙo, dunƙulen ya yi ta girma shekara da shekaru, sawu a kan sawu kamar albasa.

Saboda haka Auta, ba ta gaba yake fita ba. A ƙarshen hanji ake samunsa. Ko dai ya fita ta baya, ko ya yi girman da zai toshe hanya ya kashe dabbar. A 2023 teku ya jefo gawar ɗaya a tsibirin La Palma na Sifaniya, likitan da ya buɗe cikin ya ciro dunƙule mai kilo 9.5 daga hanjinta, aka ƙiyasta shi a kan Yuro 500,000, kuma binciken ya nuna shi ne ajalinta.

Sabon fita baƙi ne, mai laushi, warinsa kuwa na inda ya fito ne. Sai ya yi shekaru yana yawo a kan ruwa, rana tana dukansa, gishiri yana cinsa, ya bushe ya yi tauri, launin ya koma toka-toka har zuwa fari-fari, warin ya juye ƙamshi. Gris ɗin da Ɗan Damagaram ya fassara mana ke nan. Sunan ma da kansa yana gaya wa mai saye cewa wanda ya nuna ne.

Hajiya Yagana Mai Humra: Innalillahi! Maman Sadik, ki rufa mana asiri kada ki kashe mana kasuwa. Yanzu amarya ta ji wannan ta ce a cire mata ambar daga humrarta?

Amma tsakani da Allah, bari in faɗa muku abin da yake cikin kwalabenmu. Shekarata sama da ashirin ina haɗa humra da turaren wuta a Maiduguri, daga hannun kakata na koya, kuma ban taɓa riƙe na kifin nan a hannuna ba. Kakata takan ba da labarinsa, ta ce alhazan da suka bi ta ƙasa sukan dawo da ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero a naɗe a auduga, a goga a jikin kwalba kawai. Wanda muke saye yanzu da sunan ambar, mai ruwan zuma ɗin nan da ake kawowa daga Dubai, haɗi ne na kamfani. Kuma ba mu da bakin ƙyama. Farcen da muke soyawa mu daka mu zuba a humra, murfin bakin dodon koɗin teku ne, in ba a wanke shi an gyara ba ƙarninsa sai ya kore ki daga ɗaki. Miski daga jikin barewa yake. Jibda kuma kowa ya san daga inda ake kwasarta a jikin dabbar.

Malam Na-Turanci: Hajiya kin kawo ma'ana ta uku ke nan. A wajen masu haɗa turare na Turai, in an ce amber ba na kifi ake nufi ba, ba kuma dutsen ba, wani haɗi ne mai ɗumi da ake yi da ƙaro iri-iri da banila. Wanda yake kwaikwayon na kifin kuwa sinadari ne, Ambroxan, wanda masana kamfanin Firmenich na Suwizalan suka fara haɗawa a 1950 daga wani ganye. Amfaninsa shi ne riƙe ƙamshi ya daɗe a jiki, aikin da na kifin yake yi ke nan.

Hajiya Yagana Mai Humra: To shi ne aikin farce a wurinmu. Shi yake kama turare ya zauna a tufafi har bayan wanki.

Baban Walid Makaniki: Ustaz, to in kashi ne, ya halatta a shafa a yi salla?

Ustaz Abu Hanan: Malamai sun ɗauke shi mai tsarki, ana shafawa ana sayarwa. Dabbar ruwa ce, wadda ko mushenta halal ne kamar yadda hadisin Jabir ya nuna. Inda suka yi saɓani shi ne haƙƙin da yake kansa. Ibn Abbas ya ce ba taskar da aka binne ba ce, abu ne da teku ya jefo, babu humusi, wato fitar da kashi ɗaya cikin biyar. Hasanul Basri ya ce a fitar da humusi. Imam Malik ya ce babu zakka a lu'ulu'u da miski da ambar.

Wani abin dariya, magabata sun daɗe suna gardamar mene ne shi. Wasu suka ce tsiro ne a ƙarƙashin teku da kifin yake ci, wasu suka ce kumfar teku ce. Ibn Sina ya karkata ga cewa daga wani marmaro yake ɓuɓɓugowa a cikin teku, ya ce maganar masu cewa kashin wata dabba ne ta yi nisa da gaskiya. Ashe amsar da ya ture ita ce ta fi kusa.

Dakta Mai Harsuna: Mutanen Sin kuma suka ce yawun dodo ne, sunan da suke kiransa ke nan har yau, turaren yawun dodo. Turawa ma ba su fi su ba. Mafarauta ne suka warware, don su suke fasa cikin da hannunsu. A 1724 wani likita a Boston, Zabdiel Boylston, ya rubuta wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan abin da mafarautan yankinsu suka gaya masa, cewa a jikin kifin suke samunsa. A 1783 Dakta Schwediawer ya gabatar wa wannan ƙungiya bayanin cewa a hanji yake samuwa, hujjarsa bakunan sikwid da ake gani a ciki.

Malam, wannan jahilcin shi ne amsar tambayarka ta yadda baƙo ya ƙwace gida. Ka sa kanka a matsayin Bature na ƙarni na 13. Ga abu biyu, duka a bakin teku ake tsintarsu bayan hadari, duka ba su da nauyi, duka in an sa a wuta suna ƙamshi, duka da tsada, kuma ba ka san asalin ko ɗaya ba. Me zai hana ka ce dangi ne? Jamusawa ma Bernstein suke kiran na itacen, wato dutsen da yake cin wuta. Sai dai na itacen a ƙofar gidansu yake, tekun Baltik yana jefo shi, yankin Kaliningrad na Rasha shi ne matattararsa mafi girma a duniya. Kowace mace tana iya rataya shi a wuya, kowane mai ibada yana iya jan carbinsa. Na kifi kuwa sai fadar sarki. Abin da ake gani kullum shi yake cinye suna.

Baban Walid Makaniki: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kifi ya mutu da ciwon ciki, itace ya tafi da suna.

Maman Sadik: To kafin ya ƙwaci sunan, shi ƙaron ba shi da nasa ne?

Malam Na-Turanci: Yana da shi, kuma kina furta shi kullum in an ɗauke wuta. Girkawa elektron suke ce masa. Sun lura in an goga shi a ulu yana jan ƙaiƙayi da gashin tsuntsu. A 1600 William Gilbert, likitan Sarauniya Elizabeth ta farko, ya ƙirƙiro electricus don abubuwan da suke wannan jan. Daga nan electric, daga nan lantarki ɗinmu.

Ɗan Umdurman: Subhanallah, a Larabci ma haka ne! Dutsen carbin kahraman ne, wutar lantarki kahraba.

Dakta Mai Harsuna: Daga kahruba na Farisanci, mai fizgar ƙaiƙayi. Ustaz, yi haƙuri, su ne dai kuma.

Ustaz Abu Hanan: Wannan na sallama maka, ba ta da aini.

Alhaji Na-Kwatano: Tun ɗazu nake karantawa na yi shiru, don maganar nan fami take mini. A 2021 ne labarin masuntan Yaman ya bazu, su 35, suka jawo gawar kifin daga tekun Adan, suka fasa cikin suka sami kilo 127, aka saya dala miliyan 1.5. Tsuntsu daga sama gasasshe, a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita. Bayan wata biyu ina Kwatano wajen fitar da motoci sai wani da muke gaisawa a bakin tasha ya ja ni gefe. Ya kai ni wani ɗaki, ya jawo buhu daga ƙarƙashin gado, ya kwance tsumma uku. Ga abu kamar ƙullin sakwara babba, fari-fari da ɗigon baƙi, na sa hanci na ji ƙamshi. Ya ce ƙaninsa masunci ne ya tsinta, ba su san hanyar Dubai ba, ni kuwa ina zuwa. Muka daidaita a jaka ɗari huɗu na sefa. Har ina jin tausayinsa a raina wai na cuce shi.

Na kai wa wani tsohon mai turare Balarabe. Bai ko ɗaga shi ba. Ya kunna ashana ya gasa allura har ta yi ja, ya soka. Ya ce na gaske nan take yake narkewa ya yi baƙin ruwa mai sheƙi da danƙo, ya tashi farin hayaƙi mai ƙamshi. Nawa kuwa ya tsiyaye fari tas kamar hawaye, ɗakin ya ɗauki warin kyandir. Ya kankare gefe da wuƙa ya nuna mini: ƙamshin a fatar waje kaɗai yake, fesawa aka yi. Ɗigon baƙin kuma garin gawayi. Ya tambaye ni nawa na biya, na rage rabi na faɗa masa, duk da haka sai da ya riƙe baki.

Auta: Alhaji sannu. Wallahi na so in yi dariya amma jaka ɗari huɗu ta hana ni.

Maman Sadik: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ba kai kaɗai ba ne. A gaɓar Ingila ma mutane suna tsintar farin dunƙule su yi ta murna, a gwada a ga daskararren manja ne da jiragen ruwa suka wanke daga tankunansu. Kuma ta wani fannin ka tsira. Da na gaske ne ka bi da shi ta Indiya ko Amurka ko Ostareliya, da wata maganar ake yi, don dokokinsu na kare dabbobi sun hana cinikinsa, a Indiya kama mutane ake yi a kai. A Ingila da Faransa an yarda in tsintuwa ce. Farautar wel don kasuwanci kuwa hukumar duniya mai kula da ita ta dakatar tun 1986, duk da Japan da Nowe ba su daina ba.

Baban Walid Makaniki: To ashe dai ban yi kuskure da yawa ba. Na Alhaji kam ambar giris ne na gaske.

Malam Na-Turanci: Baban Walid ka ji tsoron Allah. Na gode jama'a, na sami abin kai wa aji. Zan fara da mumbari, in sun kama iƙlabin sai in kai su danja. Maganar hanji kuwa sai na ga fuskar shugabar makaranta tukuna.

Hajiya Yagana Mai Humra: Alhaji, yana ina yanzu? In yana nan ka aiko mini in gani, ko don in san kamar na bogin.

Alhaji Na-Kwatano: Hajiya kin makara. Shekara biyu yana kan sif ina hararar sa. Da damina ta kama bara gawayi ya jiƙe, uwargida ta riƙa gutsurarsa tana hura wuta da shi. Ta ce bai taɓa ba ta kunya ba, ashana ɗaya yake kamawa.